Fom ɗina yana cewa "an aika", amma saƙon ba ya isa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kama hayar ƙaramin sabar VPS mai Ubuntu, na ɗora Nginx da PHP, na haɗa wa yayana shafin shagonsa na kayan sola. Akwai fom ɗin tuntuɓa inda mutum zai rubuta sunansa da imel ɗinsa da saƙonsa. Na yi amfani da mail() na PHP, na kuma saka Postfix. Idan an danna maɓalli shafin yana nuna "an aika", amma babu abin da ke shiga adireshin info@ na shagon, wanda yake a wurin wani kamfanin imel daban. Da na karkatar da shi zuwa Gmail ɗina, wani lokaci ya faɗa akwatin Spam, wani lokaci shiru kake ji. Na buɗe ƙofa ta 25, wato ta imel, a ufw, katangar tsaron sabar, ba abin da ya canza. Ko dai in mayar da komai kan tsohuwar kwamfutata a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Bayanin da ka kawo ya isa a yi aiki da shi, kuma daga yadda ka tsara shi ina ganin matsala biyu ce ko uku suka haɗu maka, ba ɗaya ba.

Mu fara da wannan "an aika" da ke ruɗa ka. Idan mail() ta dawo da true, abin da take nufi kawai shi ne ta miƙa saƙon ga manhajar imel da ke cikin sabar ɗinka, wato Postfix, shi kuma ya karɓa. Iyakarta ke nan. Ba ta san ko saƙon ya fita daga sabar ba, balle ta san ko Gmail ya yarda da shi. Takardun PHP da kansu sun yi wannan gargaɗin. Saboda haka ka daina kallon shafin, ka koma kallon abin da Postfix yake rubutawa. Buɗe taga ɗaya ka rubuta `sudo tail -f /var/log/mail.log`. Idan babu fayil ɗin, yi `sudo journalctl -f | grep postfix`. Sai ka je burauza ka cike fom ɗin kana kallon tagar. Layuka da yawa za su fito, amma wanda ke ɗauke da `relay=` da `status=` shi ne namu. Na farko yana faɗa maka wa aka miƙa wa saƙon, na biyu yadda aka ƙare: `sent` an karɓa, `deferred` an jinkirta za a sake gwadawa, `bounced` an ƙi shi ƙiri-ƙiri. A cikin baka bayan status akwai ainihin maganar da ɗaya ɓangaren ya mayar. Lambar da ta fara da 4 ta wucin gadi ce, wadda ta fara da 5 kuwa an rufe magana.

Batun info@ shi ne mafi sauƙi, kuma kusan ina da tabbacin abin da za ka gani: `relay=local`. Lokacin da kake saka Postfix ya tambaye ka sunan imel na sabar, mafi yawan mutane sai su rubuta domen ɗinsu tsura, a ce example.com. Sai Postfix ya zuba sunan cikin `mydestination`, wato jerin sunayen da yake ɗauka nasa ne. Daga nan duk saƙon da aka ce a kai wa info@example.com ba zai ko tambayi DNS ba, wato kundin intanet da ke nuna inda kowane domen yake, domin a ganinsa shi ne maƙurar tafiya. Zai duba ko akwai mai amfani da suna info a cikin sabar. In akwai, ya ajiye saƙon a /var/mail inda ba mai dubawa. In babu, ya mayar da shi da `unknown user`, kuma takardar mayarwar ta tafi ga www-data, asusun da PHP ke aiki da shi a sabar, wanda shi ma ba mai karanta masa imel. Shi ya sa shirun ya yi yawa. Duba da `postconf mydestination`. Idan domen ɗin shagon yana ciki, yi `sudo postconf -e 'mydestination = localhost'` sannan `sudo systemctl reload postfix`. Sai ka tabbatar `dig +short MX example.com` yana nuna sabobin kamfanin da ke riƙe da imel ɗin shagon. Ka kuma sa wa sabar ɗinka suna nasa na kansa, irin su web1.example.com, kada ya ci gaba da amsa sunan domen ɗin gaba ɗaya.

Ƙofa ta 25 da ka buɗe kuwa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsarin ufw na asali shi ne ya hana shigowa, ya ƙyale fita. Umarnin `ufw allow 25` ƙofar shigowa ya buɗe, kai kuma fita kake so. Abin da ka ƙara kawai shi ne duk mai yawon neman sabobin da zai yi amfani da su wajen watsa saƙonnin banza yanzu yana iya ƙwanƙwasa maka. Rufe ta da `sudo ufw delete allow 25`, ka sa `inet_interfaces = loopback-only` a main.cf, fayil ɗin saitin Postfix, ka sake tayar da Postfix. Sabar da ke tura saƙon fom ba ta da buƙatar sauraron kowa daga waje.

Akwai dai toshewar ƙofa ta 25 ta gaske, amma daga kamfanin hayar take zuwa, ba daga katangar tsaronka ba. Google Cloud yana hana fita ta 25, Amazon EC2 ma yana taƙaita ta sai ka cike takardar neman a cire maka, kuma ƙananan kamfanoni da yawa suna yi wa sabbin kwastomomi haka. Gwajinta layi ɗaya ne: `nc -vz gmail-smtp-in.l.google.com 25`. In ya tsaya yana jira har ya gaji, an toshe, kuma a log za ka ga `deferred` da `Connection timed out`. Sai dai kai ka ce wani lokaci saƙon yana kaiwa har akwatin Spam. Wannan ya nuna hanyar a buɗe take. Tambayar da ta rage ita ce me ya sa wani ya isa, wani ya ɓace.

Dalili biyu nake zargi. Na farko IPv6. Yawancin VPS yanzu suna zuwa da adireshi iri biyu, tsohon IPv4 da IPv6, kuma idan duka suna aiki Postfix yakan bi wannan yau, ya bi wancan gobe, domin tsarinsa na asali bai fifita ɗaya ba. Mutum sai ya gyara komai a kan IPv4 ya manta da ɗayan. Gmail ya daɗe yana tsananta wa saƙon da ya zo ta IPv6 ba tare da PTR mai kyau ba, wato bayanin DNS da ke mayar da adireshin IP zuwa sunan sabar, yana ƙinsa da 550 da maganar cewa bai cika ƙa'idar aikawa ta IPv6 ba. Idan ka ga adireshi mai ruwa biyu-biyu a cikin `relay=` na saƙonnin da aka ƙi, ka samo shi. Ko dai ka yi wa IPv6 ɗin duk abin da ka yi wa IPv4, ko ka sa `inet_protocols = ipv4` ka huta.

Na biyu shi ne wanda ya fi kama masu koyo, kuma ba laifinsu ba ne, tsofaffin darussan intanet ne suka koyar da haka: a ɗauki adireshin da baƙo ya rubuta a fom a sa shi a layin From, don mai shago ya danna amsa kai tsaye. Ka duba rubutun PHP na fom ɗinka, ina kyautata zaton akwai wani abu kamar `From: $email`. Ma'anar wannan ita ce sabar ɗinka tana cewa duniya "ni ce Yahoo" idan baƙon mai Yahoo ne, "ni ce Gmail" idan mai Gmail ne. Da can ana wucewa da haka, domin SMTP, tsarin aika imel da Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa a 1982, bai tanadi hanyar tantance mai aikawa ba. A watan Afrilun 2014 Yahoo ya wallafa manufar DMARC ta `p=reject`, yana cewa duk saƙon da ya zo da sunan yahoo.com amma ba daga wurinsa ba a ƙi shi, AOL ya bi sahu a watan. Tun daga lokacin irin wannan fom ɗin ya fara mutuwa. Google ma a ƙa'idojinsa ya hana a ari adireshin Gmail a layin From. To ka ga sakamakon gwajinka zai riƙa canzawa gwargwadon adireshin da ka rubuta a fom ɗin a ranar. Gyaran ba wuya: From ya zama adireshi na domen ɗin shagon, a ce fom@example.com, kullum ba ya canzawa, adireshin baƙo kuma ya tafi layin Reply-To. Yayanka zai danna amsa, ta tafi wurin baƙon kamar yadda kake so tun farko.

A nan ya kamata in ɗan tsaya, domin in ba ka gane wannan ba SPF da DKIM za su zame maka haddar karatu. Kowane imel yana da mai aikawa biyu, kamar wasiƙar da ke cikin ambulan: akwai sunan da aka rubuta a bayan ambulan wanda ma'aikatan gidan waya suke gani, akwai kuma wanda aka rubuta a saman takardar ciki wanda mai karatu yake gani. Na ambulan shi ne `MAIL FROM`, wanda daga baya ke bayyana a matsayin Return-Path. Na takarda shi ne From. Idan ba ka ce komai ba, mail() tana barin na ambulan ya zama www-data@ sunan sabar. SPF na ambulan yake dubawa: yana tambayar DNS na wannan domen ko adireshin IP ɗin da ya kawo saƙon yana da izini. DKIM sa hannu ne da sabar ke yi a kan saƙon da mabuɗin sirri, mai karɓa ya tantance da mabuɗin fili da ka wallafa a DNS. DMARC kuma shi ne ke haɗa su da abin da mutum yake gani: dole aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya yi nasara, kuma domen ɗin da ya yi nasara da shi ya dace da na layin From. Saboda haka za ka iya ganin SPF ya wuce lafiya amma DMARC ya faɗi, domin SPF ɗin na wani suna ne daban.

Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka mayar da wannan wajibi. Ko saƙo ɗaya kake turawa a rana, Gmail yana son aƙalla SPF ko DKIM, da PTR mai inganci, da haɗi mai TLS, wato mai ɓoye saƙo a hanya. Mai tura saƙo 5,000 ko fiye a rana sai ya haɗa SPF da DKIM da DMARC duka. Saƙon da bai da SPF kuma bai da DKIM yakan dawo da lambar 550 5.7.26.

In ka dage sai sabar ɗinka ta aika da kanta, ga inda mutane ke tuntuɓe. SPF layi ɗaya tak ake yarda da shi ga kowane domen. Tunda imel ɗin shagon yana wani kamfani, akwai SPF ɗinsu tuni a DNS ɗinku. Kada ka ƙara na biyu, domin guda biyu kuskure ne da ke rushe duka, har imel ɗin yayanka na yau da kullum ya fara samun matsala. Wanda yake nan za ka gyara, ka cusa `ip4:203.0.113.10`, da adireshinka na gaske a madadin wannan, kafin `~all` ɗin ƙarshe. Ka kuma sani SPF bai yarda a wuce tambayar DNS 10 ba, kowane `include:` yana ci daga ciki. PTR kuwa ba a wurin da ka sayi domen ake sa shi ba, a shafin kamfanin VPS ne, domin su ke da adireshin. `dig -x` da adireshinka ya kamata ya dawo da web1.example.com, shi kuma sunan ya dawo da adireshin, kuma shi ne sunan da ke `myhostname`. DKIM yana buƙatar ƙarin manhaja irin OpenDKIM da mabuɗi mai tsawon bit 2048, wanda ya fi haruffa 255 da guntun TXT ɗaya a DNS ke ɗauka, don haka ana raba shi gida biyu, kuma wasu shafukan DNS suna ɓata shi wajen liƙawa. DMARC ka fara da `v=DMARC1; p=none` a ƙarƙashin `_dmarc`, kada ka yi tsalle zuwa reject kafin ka tabbatar duk hanyoyin da shagon ke aika imel sun daidaita. Bayan duk wannan wahalar, mai yiwuwa wanda ya riƙe adireshin IP ɗin kafin kai ya ɓata masa suna, ka tarar da shi a jerin Spamhaus na adiresoshin da ake zargi da watsa saƙonnin banza.

Ni dai ba zan ba ka shawarar bin wannan hanyar ba don fom ɗin shago. In koyo kake so, yi a kan wani domen na gwaji, za ka ƙaru sosai. Amma saƙon mai son sayen batiri da infata ba abin gwaji ba ne. Shagon yana da kamfanin imel wanda ya riga ya gama da PTR da DKIM da kyakkyawan suna. Buɗe akwati ɗaya a can, fom@example.com, ka sa sabar ɗinka ta shiga da suna da kalmar sirri ta ƙofa ta 587 ko 465 ta miƙa musu saƙon, su kai. Waɗannan ƙofofin na miƙa saƙo ne daga mai asusu, ba irin 25 ba da ke tsakanin sabar da sabar, kuma ba a cika toshe su ba, ko da yake akwai kamfanonin da ke toshe har su, sai ka gwada da nc ɗin nan.

Hanya biyu ce. Ko PHPMailer, manhajar aika imel ta PHP, ta yi magana da kamfanin kai tsaye, ko ka bar Postfix a tsakiya da `relayhost = [smtp.example.net]:587`, ka sa sunan asusu da kalmar sirri a /etc/postfix/sasl_passwd, ka yi masa `postmap` da `chmod 600`, ka kunna `smtp_sasl_auth_enable = yes`, da `smtp_sasl_security_options = noanonymous`, da `smtp_tls_security_level = encrypt`, ka kuma nuna masa fayil ɗin ta `smtp_sasl_password_maps`. Na fi son ta biyun. Baƙo ba zai zauna yana jiran shafi ba idan kamfanin imel ya yi jinkiri, kuma in hanya ta yanke Postfix zai riƙe saƙon yana sake gwadawa har kwana 5, kana iya ganin layin da `mailq`. Idan log ya ce `No worthy mechs found`, ba kalmar sirrinka ba ce, kunshin libsasl2-modules ne babu. A wannan tsarin ka tabbatar adireshin ambulan ma fom@example.com ne, ta hanyar ba mail() `-ffom@example.com` a gurbinta na biyar, don kamfanoni da yawa ba sa karɓar saƙon da mai aikawarsa bai dace da asusun da ya shiga ba. Wannan gurbin na biyar kada ka taɓa sa abin da baƙo ya rubuta a cikinsa. Ramin da aka gano a PHPMailer a watan Disambar 2016, wanda ya ba mahara damar gudanar da umarni a sabar, ta nan ya ɓullo.

Wasu suna amfani da asusun Gmail na kyauta a matsayin mai kaiwa. Yana aiki, amma tun watan Mayun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji a asusun kyauta. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu ka ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja. Iyakarsa kusan saƙo 500 ne a rana, kuma zai mayar da From ya zama adireshin Gmail ɗin sai in ka yi rajistar ɗayan a cikin asusun. Akwai kuma kamfanonin da aikinsu ke nan, irin Amazon SES da Mailgun da Postmark da Brevo, amma shagon da ke samun saƙo kaɗan a rana bai kai ga buƙatarsu ba.

Maganar komawa gida, an gudu ba a tsira ba. In intanet ɗinka na layin waya ne ko ƙaramin rauta mai SIM, kusan tabbas kana bayan CGNAT, wato kai da ɗimbin mutane kuke fita da adireshi ɗaya. Duba adireshin da rauta ya samu: in yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya bambanta da wanda `curl ifconfig.me` ya nuna, to ba mai iya shigowa wurinka daga waje komai ƙofar da ka tura. PTR ba a hannunka yake ba, kuma adireshin masu amfani na gida galibi suna cikin jerin PBL na Spamhaus, na waɗanda bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Ga kuma wuta. Shafi kana iya fito da shi daga gida ta irin Cloudflare Tunnel, amma bai magance imel ba.

Tunda za ka buɗe rubutun PHP na fom ɗin, ka gyara wasu abubuwa a tafiya ɗaya. Mafi muhimmanci, kafin a yi maganar imel, fom ɗin ya fara rubuta saƙon a rumbun bayanai, ko SQLite ne. Imel ya zama sanarwa kawai. Ranar da ya lalace, kuma wata rana zai lalace, ba kwastoman da ya ɓace. Sannan duk abin da zai shiga layukan saman saƙo, adireshi ko suna ko take, ka tace shi: adireshi ta `filter_var` da `FILTER_VALIDATE_EMAIL`, sauran ka ƙi duk mai ɗauke da alamar sabon layi. In ba haka ba wani zai cusa layin Bcc, na ɓoyayyun masu karɓa, ya mayar da fom ɗinka injin watsa tarkace da sunan shagon yayanka. Saboda wannan dalilin ma kada ka sa fom ya riƙa tura wa baƙo kwafin abin da ya rubuta, domin adireshin wani za a sa, rubutun kuma na damfara. Wani gurbi ɓoyayye da mutum ba ya gani amma mutum-mutumin intanet yake cikewa, tare da `limit_req` a Nginx mai taƙaita yawan turawa, suna rage yawancin shara ba tare da ka wahalar da kwastoma da zaɓen hotuna ba.

Kuma tunda masu rubuto muku da Hausa za su rubuta, kula da ƙ da ɗ da ɓ. PHPMailer tana zuwa da iso-8859-1, wanda babu waɗannan haruffa a cikinsa, sai ka sa `$mail->CharSet = 'UTF-8'`. In mail() ce tsura, ƙara layin `Content-Type: text/plain; charset=UTF-8`, taken kuma ya bi ta `mb_encode_mimeheader`, domin layin Content-Type jikin saƙo kawai ya shafa. In MySQL ne rumbunka, utf8mb4.

Idan ka gama, tura gwaji zuwa Gmail, ka buɗe saƙon a kwamfuta, ka danna ɗigo ukun nan ka zaɓi Show original. A sama zai nuna SPF da DKIM da DMARC, kana son PASS a kowanne, kuma domen ɗin da ke gefen DKIM ya zama na shagon. In ka canza DNS bai nuna ba, kada ka sake taɓa shi, tsohon bayanin yana nan a ma'ajiyar wasu sabobi har TTL ɗinsa, wato wa'adin ajiyarsa, ya ƙare. Ka gwada da adireshin Yahoo da na Outlook ma, don kowa da tsaurinsa. In har yanzu akwai wanda ya maƙale, turo min layin log mai `status=` na wannan saƙon da sakamakon `postconf -n`, ka goge adiresoshin mutane kafin ka turo, kuma kada ka haɗo da sasl_passwd.